Ƙwayar Ranar Litinin

"Mma, in ya tambaye ki, ki dafe muƙamuƙi," in ji Zainudeen, yana gyara wa uwarsa mayafi. "Kada ki ce lafiya lau. Ke kullum lafiya lau, shi ya sa ba ma ci gaba."

Mma Asana ta ture hannunsa. Tana zaune a kan benci a harabar wata makaranta a Salaga, ita da tsofaffin mata kusan ashirin, kowacce da ɗa ko suruki a tsaye a kanta. Ba a taɓa ganin 'ya'yan Zango sun kula da iyayensu haka ba. Wani har daga Kpandai ya ɗauko tasa a babur, alhali rabonsa da gaishe ta tun Sallar bara.

Wanda ya tara su wani mai kwat ne, Shamsudeen, wakilin wasu lauyoyi na Accra. Ya faro daga Bawku, ya biyo ta Yendi, yana tattara sunaye. Ya ce a Amurka tsofaffin da suka sha maganin ƙarfafa ƙashi ya yi musu illa sun maka kamfanin a kotu, an biya su diyya. Abin da yake nema kawai katin asibiti da ya nuna an sha maganin shekara uku.

Katin Mma Asana kuwa babu kamarsa. Tun da aka ce ƙashinta ya soma laushi, ba ta taɓa fashin karɓar magani ba, har nas tana ba da misali da ita. Sai dai a shekara ukun nan ƙwaya biyu kacal ta haɗiye. Wai a sha ranar Litinin da sassafe, ciki babu komai, da ruwa cike da kofi, sannan a zauna ƙiƙam rabin awa, ba sunkuyo, ba koko. Wa zai share tsakar gidan? Ga ƙirji yana ƙuna kamar an zuba barkono. Ta daina sha, amma ba ta daina karɓa ba, tunda inshora ke biya. Sai ta riƙa miƙa wa maƙwabciyarta Hawawu, mai sayar da busasshen kifin Makango, wadda kullum ke kukan ciwon kugu. Kugu ƙashi ne, magani na ƙashi ne, a ganin Mma Asana magana ta ƙare. Hawawu ba ta taɓa tsallake Litinin ba, kuma duk sha sai ta yi mata addu'a.

Shamsudeen ya buɗe takarda ya fara karanto illolin. Da ya ce ƙunar ƙirji, matan duk suka gyaɗa kai. Da ya ce karayar cinya, wani ya taɓa ƙafar uwarsa ya ji ko ta yi alama.

"Na uku shi ne babban kes," in ji shi. "In an cire haƙori, wurin ba ya warkewa. Wata uku, wata shida, yana ruwa, yana wari, har ƙashi ya fito fili. Wanda ya samu wannan, ya samu."

'Ya'ya suka shiga leƙen bakin iyayensu cike da fata. Mma Asana kuwa Hawawu ce ta faɗo mata a rai. Kafin azumi wani mai cire haƙori a kasuwa ya fizge wa Hawawu turmi ɗaya. Yau wata biyar ke nan tana ɗaure da ɗankwali a haɓa, ba ta iya cin komai sai koko, in za ta yi magana sai ta kau da fuska saboda wari. Mutane suka ce jifa ne daga 'yan kasuwar kifi. Kuma ita Asana da bakinta ta ce mata kada ta kuskura ta bar ƙwayar, ai ita za ta haɗa ƙashin. Tsoro ya kama ta, da kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba.

Da layi ya zo kanta, Shamsudeen ya duba katin ya yi murmushi.

"Wannan kati ya yi kyau paa. Mma, buɗe baki."

Ta buɗe. Haƙora ne reras, jajaye da goro, babu ko mai girgiɗi. Shamsudeen ya dube su kamar sun ci amanarsa.

"Ciwon daga ciki yake," Zainudeen ya yi wuf ya ce. "Jiya ma ko nama ba ta..."

"Yaro," in ji Mma Asana ga mai kwat, "wanda bakinsa ya yi yadda ka faɗa, in ya ci gaba da sha fa?"

"Mma, ni ba dokita ba ne. Dangwala yatsa a nan."

"Wanda ya sha, amma ba shi da kati fa?"

"Ba kati, ba kes. Dangwala, Mma, mutane na jira."

Ta miƙa hannu, ta wuce tawadar, ta ɗauke katinta daga kan tebur ta soke a zani. Zainudeen ya biyo ta har bakin ƙofa yana magiya ƙasa-ƙasa. A nan ta gaya masa komai. Ya sunkuyar da kai, har ta ɗauka tausayi ne ya kama shi.

"To, Mma, kada kowa ya ji," in ji shi. "Mutumin nan ba ya riƙe fuskar kowa, gobe ma yana nan. Mma Hawawu ta zo da bakinta, mu mu zo da kati. Ai kin ga kowa ya amfana."

Ta kalle shi tun daga hula har takalmi, ta tsayar da mai keke, ta bar shi nan.

Ta tarar da Hawawu a zaune kusa da kwandon kifinta, ta rame, ɗankwalin ya jiƙe ta gefe ɗaya. Ba ta yi mata dogon bayani ba, ta ce ta tashi su je asibiti. A hanya ne ta faɗa mata gaskiyar ƙwayar, tana kallon ƙafafunta.

Sun yi awa biyu a layi kafin Nas Faridatu ta kira su, ita ce mai ba da misali da Mma Asana. Ta kwance ɗankwalin, ta haska tocila, ta ja baya kaɗan.

"Mma, kina shan wani magani?"

Hawawu ta kwatanta mata: fara, ƙarama, duk Litinin, shekara uku.

Nas ta ajiye biro. "Wane likita ya rubuta miki? Ina katinki?"

Hawawu ta kau da fuska, ta yi magana ta gefen baki. "Ba dokita. Ni na saya a Makango, wurin mai tebur. Ya tafi, ban san sunansa ba."

Nas ta ja tsaki, ta soma rubutawa tana faɗa a kan mutanen da ba sa jin magana. "Ku yi koyi da Mma Asana mana," in ji ta. "Ga ta nan kusa da ke."

Mma Asana ta kalli ƙawarta, wadda ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta zaro katin daga zani ta ɗora a kan takardar da nas ke rubutu.

"Goge wannan, 'yata," ta ce. "Ƙarya take yi. Ni ce likitan."