Ɗorin Mutumin Dosso

Malam Waliyyu maɗori ne a Aliero, wurin uba da kaka ya gaji sana'ar, kuma ba ya son a yi masa gaggawa ko da a cin tuwo ne. Da aka kawo masa Abdulrazak, wani ɗan Dosso ta Nijar mai sarin albasa da mota ta kife da su kusa da Maiyama, ya shafa cinyar, ya ja, ya daidaita ƙashin, ya jera karare ya ɗaure. Ya ce kwana arba'in ƙafar nan ba za ta taka ƙasa ba, ba za ta shiga mota ba.

Aka yi kwana ashirin da uku lafiya lau, majinyacin har ya yi kumatu da furar gidan Malam. Sai rediyo ta dagula lissafi: wa'adin shekara guda na ficewar Nijar daga ECOWAS zai cika ranar Laraba. Alu, yayan Abdulrazak da ke jinyarsa, ya kasa zaune ya kasa tsaye. A tasha aka gaya masa wai daga Laraba za a garƙame iyaka, katinsu mai tambarin ƙungiyar zai koma takardar ƙunshe ƙosai, kuma duk ɗan Nijar da aka samu a nan sai ya yi bayani. Har ya yi ciniki da mai mota zuwa Kamba, garin bakin iyaka.

Zauren Malam ya koma kotu. Audu, tsohon magatakardan alƙali, wanda tun da ya yi ritaya yake neman shari'ar da zai yanke, ya ce an yi wa mahukuntan Nijar tayin ƙarin wata shida, saboda haka a doka ba su fita ba tukuna. Wani mai sayar da taki ya ce sojojin can sun ce tun bara suka fita, wa'adi bai dame su ba. Kowa da tashar da yake saurare, kowa kuma tasa ce mai gaskiya.

Malam bai tsinci komai a gardamar ba. Abin da ya sani shi ne ramukan hanya, da kuma ƙashin da ya fara kamawa, ɗanye kamar ginin jiya. Tsoro ya kama shi sosai, don ya taɓa ganin abin da mota ke yi wa irin wannan ɗori. Ya kira Alu gefe.

"Ni ban san mi manya sunka rubuta ba," in ji shi. "Amma in ka aza yaron ga bisa mota yau, ƙahwa guda za ta hi guda tsawo har ƙarshen rayuwatai. In an zo kamu, a hwara da ni, ni na aje shi."

Alu ya sallami mai mota, amma ya yi fushi, ya daina cin abincin gidan, ya koma sayen shinkafa a bakin titi.

Laraba ta zo ta wuce, ko ɗan sanda ɗaya bai leƙo ba. Ranar Juma'a motar albasa ta sauke wata tsohuwa a ƙofar gida da ƙullin kayanta a ka. Iyatu ce, mahaifiyar Alu da Abdulrazak. Audu ya matso da sauri yana tambayar yadda aka yi ta ƙetare. Ta ce katinta na kullum ta nuna aka ce ta wuce, kuma ita ba labarin iyaka ya kawo ta ba. Ta ji a waya Alu zai ɗauko mata ɗa da karaya, shi ya sa ta taso ta tare shi. Faɗan da ta yi wa Alu a zauren nan, har Malam ya ji tausayinsa ya sa baki. Da maraice Alu ya dawo kan akushin gidan.

Ta zauna tare da matan Malam tana taya su tankaɗe har kwana arba'in suka cika. Da hantsi Malam ya kwance ɗorin, ya shafa man shanu, ya miƙe ƙafafun biyu a kan tabarma ya haɗa diddige da diddige. Sun yi daidai. Daɗi ya cika shi, amma bai nuna ba, sai ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa wa Abdulrazak.

"Tashi ka kai ma innarka."

Taku shida ne tsakaninsu. Kafin ya isa rabin ruwan ya zube a ƙasa. Iyatu ta karɓa da hannu biyu, ta shanye sauran.