Sa'ar Maƙera a Kicin ɗin Wilma

A garin Port Ansel, in ka ce wa mutum uwarsa ba ta iya miya ba, wataƙila ya yafe maka. Amma ka taɓa Maƙera, ƙungiyar ƙwallon garin, to sai an raba ku. Ƙwallon kuwa irin ta Amurka ce, mai tsini biyu, wadda ƙarti masu hular kwano suke runguma su ruga da ita, wasu ƙartin suna bin su su kayar. Abin haushin shi ne Maƙeran nan sun daɗe ba su ƙera komai ba sai baƙin ciki. Rabon da su shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na ƙarshen kaka tun Wilma Dombrowski tana da baƙin gashi, yanzu kuwa kanta fari fat.

Wilma ba sabuwar 'yar kallo ba ce. Tun tana 'yar mitsitsiya mahaifinta yake ɗora ta a wuya ya kai ta tsohon fili. Ita ta koya wa mijinta Chester dokokin wasan lokacin da yake nemanta, ko da yake yanzu in ka ji shi yana bayani sai ka rantse shi ya ƙirƙiro abin. Kowace Lahadi ta kakar wasa, falonsu cike yake: Chester a kujerarsa, ɗansu Russ a ƙasa, maƙwabcinsu Ottis Greer da tsohuwar rigar Maƙera wadda ba ya bari a wanke, sai Wilma a tsakiya tana yi wa alƙalin wasa tas ta cikin talabijin.

Bana ma kamar kullum aka fara. Wasa na farko aka lallasa su, na biyu aka maimaita. A na uku ana tsaka da shan kashi, sai Wilma ta ji miyar wakenta tana kamawa. Ta miƙe tana mita ta shiga kicin. Ko ludayi ba ta ɗauka ba ta ji falo ya kaure da ihu.

Ta fito a guje. “Me ya faru?”

Russ ya ce, “Mama, mun ci! Sabon yaron nan mai jifa, Desmond Tull, ya cilla ƙwallo har gidan ƙarshe, inda ake cin maki. Maki shida!”

Ta zauna da murnarta. Zamanta ke da wuya, ƙwallo ta suɓuce daga hannun ɗan wasan Maƙera, abokan gāba suka wawure. Can anjima ta koma kicin ɗauko fukafukan kaza, falo ya sake rikicewa. Da ta dawo da faranti sai ta tarar maza uku sun bar talabijin suna kallonta.

“Lafiya? Ƙaho na fito da shi?”

Chester ya gyara murya. “Wilma, ba ki bar wani abu a kan wuta ba?”

“Ban bar komai ba.”

“To, ko za ki je ki duba dai?”

Ta gane. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tsufa ya fara taɓa masa kai, amma don ta ƙure su ta koma kicin ta zauna. Maƙera suka cinye wasan.

Wasa-wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Lahadi ta gaba Ottis da kansa ya ɗauki kujera ya kai mata kicin, yana ta “Madam Wilma, don girman Allah, gwaji ne kawai.” Aka ci. Wadda ta biyo baya ma aka ci. Zancen duniya kuwa ba ya ɓuya, ballantana in ya shiga kunnen Ottis. Kafin ganyen itatuwa ya gama zuba, duk unguwa ta san inda sa'ar Maƙera take zaune. Mai sayar da nama ya riƙa ƙara mata tsoka a kan awo. Matan coci suka kawo mata kek ɗin tuffa. Wani kafinta da ba ta ma san sunansa ba ya aiko da kujera mai lilo, an yi mata fentin baƙi da ruwan lemo, launin ƙungiya. Wilma ta karɓa tana dariya, ta manta cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sau ɗaya ta yi dabara ta shigo da 'yar rediyo ta ɓoye a bayan gwangwanin sukari, ta rage murya. Ran nan aka yi wa Maƙera ci mai ban kunya, kuma Tull ya gurɗe a ƙafa. Chester ya shigo shan ruwa ya ji gwangwanin sukari yana sharhin wasa. Bai yi faɗa ba, ya dai dube ta kamar ta sa wa jariri barkono a ido. Ita kanta abin ya tsorata ta. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ta haushi: ta san shirme ne, ta sha faɗa da bakinta cewa shirme ne, amma ta kashe rediyon da hannunta ba ta sake kunnawa ba.

Sai ta koyi jin wasa ta bango. In Russ ya yi “Ruga! Ruga! Ruga!” ta san wani ya sami hanya. In Chester ya buga hannun kujera, alƙali ya yi son kai. In aka yi shiru tsit, ƙwallo tana sama. Da yamma takan kalli maimaici, amma wasan da ka riga ka san ƙarshensa ai ɗumame ne. Gari kaf ana zancen hannun Desmond Tull, har yaran makaranta suna kwaikwayon jifarsa, ita kuwa da ta fi kowa daɗewa tana jiran irin wannan shekara ba ta taɓa ganin jifarsa ɗaya ba a lokacin da ake yin ta. Abin yana ci mata rai, kuma tana jin kunyar faɗa, don kowa yana cikin farin ciki.

Haka aka tafi har wasan ƙarshe na kaka. Kyarketai, ƙungiyar garin Dutton, za su zo har gida. In Maƙera suka ci, sun shiga sili-ɗaya-ƙwale. In suka faɗi, sai kuma baɗi, in da rai.

Ana saura 'yan kwanaki Russ ya shigo yana tsalle kamar ba magidanci ba. An yi ƙuri'a a wurin aikinsu, ya ci tikiti biyu na shiga fili.

Chester ya ce, “Kai, ɗan albarka! Ni da kai ke nan. Wilma, ke kuma sai ki shiga kicin da wuri, tun kafin a busa.”

Wilma tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar a hankali. “Tikiti ɗaya nawa ne.”

“Haba, tsohuwa, wane irin wasa ne wannan?”

“Ka ga alamar wasa a fuskata? Chester, shekaruna saba'in da ɗoriya. Ban sani ba ko zan ga wata shekara irin wannan. Na ji ta bango, na ji ta bakinku, na gaji da ji. Ina so in gani da idona.”

“In kuma muka faɗi fa? Me za mu gaya wa mutane?”

“Ka ce musu matarka mutum ce, ba laya ba.”

Russ ya dubi uwarsa, kunya ta kama shi. Ya miƙa mata tikitin duka biyun, ya ce shi zai kalla a gida. Chester ya yi kwana biyu yana kumbure-kumbure. Ottis kuwa da ya ji labari sai da ya nemi wuri ya zauna.

Ran Lahadi da rana dusar ƙanƙara tana zuba sama-sama, sanyi yana ratsa ƙashi. Wilma ta sha riguna har ba ta iya sauke hannu sosai. Da suka hau matakala ita da Chester, fili ya buɗe a gabanta, kore shar, jama'a maƙil cikin baƙi da ruwan lemo, sai ta tsaya cak, hawaye ya zubo mata. Daɗi ne ya kama ta, ba ta kuma ɓoye ba.

Daɗin bai je ko'ina ba wani mai gemu a layin baya ya leƙo. “A'a! Ba Madam Wilma ba ce wannan? Jama'a, to wa ke kicin?”

Wilma ta ce, “Uwarka na bar wa.”

Aka kwashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Da aka fara wasa Kyarketai suka ci. Suka ƙara. Tull ya yi jifa, ta faɗa hannun abokin gāba. Ya sake, aka kayar da shi kafin ta bar hannunsa. Kafin hutun rabin lokaci ana bin Maƙera maki goma sha huɗu, su kuwa ko ɗaya ba su da shi. Mutane suka riƙa satar kallon Wilma, abin ya fi zagi ciwo. Wata yarinya da fenti a kumatu ta juyo ta dube ta, ido ya yi jawur.

Wilma ta tattara bargonta ta yunƙura. “Tashi mu tafi, Chester. In muka yi sauri zan isa kicin kafin a dawo.”

Chester ya riƙe hannunta. Tun safe bai ce mata komai ba sai “kula da matakala”, amma ya ga fuskarta lokacin da fili ya buɗe mata.

“Zauna.”

“Ba ka ga abin da nake jawowa ba?”

“Na ce zauna. Ran aurenmu me Fada ya ce a coci? Ba cewa ya yi mun zama jiki ɗaya ba? To sa'ar nan ba taki ba ce ke kaɗai, ina da rabi a ciki.” Ya miƙe yana gyara hula. “Na ga wata rumfar abinci a ƙasa. Kicin kicin ne.”

“Kai da ka yi shekara talatin kana jiran wannan ranar?”

“Ke kin yi fiye da haka. Ki buɗe ido da kyau, kada ki ƙifta.”

Ya sauka yana dafa ƙarfe, gwiwarsa tana ƙara. Mai gemu ya cire hula ya riƙe a ƙirji har ya wuce.

Ko rabin sa'ar Chester ce, ko kuwa masifar da mai horarwa ya zazzaga wa 'yan wasa a ɗaki, oho. Maƙera dai sun dawo kamar an canza su. Suka tura, suka tura, har wani gajere mai ƙirar turmi ya kutsa gidan ƙarshe da mutum biyu a rataye a bayansa. Mai bugu ya ƙara ɗaya. Can ya sake auna ta tsakanin sandunan gola, maki uku. Wilma ta manta sanyi, ta manta gwiwa, ta hau yi wa alƙali tas, wannan karon yana iya jin ta.

Lokaci ya zo gangara, ana bin Maƙera maki huɗu, ƙwallo tana hannunsu amma gidan ƙarshe yana da nisa. Dama ɗaya ta rage. Aka miƙa wa Tull. Ya ja da baya. Wani ƙaton Kyarkeci ya taho masa, ya goce. Wani ya kama rigarsa, ya fizge. Sai ya dasa ƙafa ya saki hannu.

Fili ya yi tsit. Wilma ta ga ƙwallon ta tashi tana juyawa cikin dusar ƙanƙara, ta yi sama, ta yi sama, har ta ɗauka ba za ta sauko ba. Can ƙarshen fili wani dogo yana gudu bai ko waiwaya ba, ya miƙa hannu biyu, ta sauka a ciki. Ya faɗi da ita a gidan ƙarshe, ya ɗaga ta sama.

Ihun da aka yi sai da matakala ta girgiza. Mai gemu ya rungumi Wilma ya ɗaga ta cak. Yarinyar mai fenti tana kuka tana sumbatar bargonta. Wilma ta ture su duka ta nufi ƙasa.

Ta sami Chester a bayan kantar rumfar soyayyen nama, an ɗaura masa atamfar girki a kan rigar sanyi. Akwai talabijin a rataye a bango dab da shi, amma ya juya mata baya, yana fuskantar kasko yana juya albasa, rabinta ta ƙone. Mai rumfar, wata ƙatuwar mata mai fara'a, ta ce, “Mijinki ne wannan? Baiwar Allah, zo ki kwashi kayanki. Ya roƙe ni kamar zai yi kuka, na bar shi, ga shi ya ƙona mini albasa buhu guda.”

Chester ya juyo, ido duk hayaƙi, yatsa ɗaya a naɗe da tsumma. “Na ji rufi yana rawa. Mun ci?”

“Mun ci.”

“Kin gani?”

“Na gani, Chester.”

“Duka? Tun daga hannunsa?”

“Tun daga hannunsa har ta sauka.”

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bayan hannu, ya ce albasa ce. Wilma ta zagaya ta kwance masa atamfar, ta riƙe hannun nan mai ƙuna ta daɗe ba ta saki ba. Tun ranar aurensu ba ta ji tana sonsa kamar yanzu ba, da warin hayaƙin da komai.

Suna fita cikin turmutsutsu ana waƙa ana busa ƙaho, sai ya tsaya. “Af! Wilma, Lahadi mai zuwa fa sili-ɗaya-ƙwale ne. Yaya za a yi ke nan?”

Ta saƙala hannunta a nasa. “Kada ka damu, tsoho. Muna isa gida zan nuna maka inda nake ajiye tukwane.”