Muryar da ke Cikin Kakin Firmin

Ni kafinta ne, ban yi wani karatu ba, kuma ba na son wasa da aiki. Shi ya sa da Firmin Daubrac ya kama ɗakin da ke saman shagona a Montreuil, kusa da Paris, ya yaye rufin ya sa gilashi, na gaya masa a fuskarsa cewa mai hankali ba ya yin haka. Duk da haka ni na ƙera masa akwatunan injunansa, daga baya ma ni nake juya masa mariƙin akwatin ɗaukar hoto, don hannuna ba ya rawa.

Abin da ya ci ƙuruciyarsa a kai shi ne majigi ya yi magana. Ga yadda ake yi a lokacin: mutum zai fara yin waƙa a bakin wani ƙaton mazurari, allura tana zana muryar a jikin gwangwanin kaki. Wata rana dabam sai a tsayar da shi a hasken rana, a kunna masa muryar, yana motsa baki yana bin ta, ana ɗaukar hotonsa. Amma kakin Firmin mai laushi ne. Duk kunnawa ɗaya, allura sai ta ɗan cinye muryar.

Yayarsa Eulalie ce ta yi masa waƙar, wata ta mata masu wanki a bakin kogi. Ita ta raine shi, don uwarsu ta rasu yana goye. Bayan ɗaukar da ɗan lokaci ciwon maƙogwaro ya kama ta, muryar ta dushe, likita ya ce ba za ta dawo ba. Gwangwanin nan ɗaya shi ne abin da ya rage, ita kuwa ba ta taɓa jin sa ba, don Firmin yana tattalinsa.

Ranar da rana ta fito sosai, Eulalie ta hau bene da farar riga da kwandon burodi da cuku.

"Auta, ina zan tsaya? Kai, dubi ƙazantar ɗakin nan. Baba Gaspard, haka kake barin sa?"

"Ni ban haife shi ba," na ce.

"Yaya, nan, kan alamar alli. Da kin ji waƙar, ki bi ta da baki kawai."

Ya sauke allura, na fara juyawa. Murya ta fito siririya, kamar daga ƙarƙashin tukunya. Eulalie ba ta buɗe baki ba.

"Tsaya, Baba! Yaya, mene ne?"

"A ina ka samo wannan?"

"Wace irin tambaya ce? Ke kika yi."

"Ni na san muryata, tun kafin a haife ka nake jin ta. Wannan Inna ce."

Firmin ya yi dariya, ya bayyana mata cewa kowa haka yake, ba wanda ke gane muryarsa in ta fito daga waje. Ya ce Inna ta rasu tun ba a ƙirƙiri injin ba. Ya kira ni shaida. Na ce ni Eulalie na ji. To amma ni ban taɓa sanin uwarsu ba, shaidata ta me?

"Sake kunnawa," in ji ta.

"Yaya, yana cinyewa!"

"To yaya zan bi abin da ban ji da kyau ba, sarkin wayo?"

Ya sake. Na juya. Ta ɗaga hannu a tsakiyar waƙar.

"Ka ji nan? Inda ta ja numfashi kafin ta hau sama? Haka take yi idan ta ɗaga kwandon wanki. Ni ba na yin haka."

"Kina yi! Kullum kina yi!"

"Baba Gaspard, ina yi?"

Wallahi ban sani ba. Shekaru ina jin ta tana waƙa a tsakar gida, ban taɓa lura da numfashinta ba. Na ce musu rana tana tafiya, su bar shirme. Ba wanda ya dube ni.

Firmin ya lallashe ta, ya yi fushi, ya ce aikin rayuwarsa ke nan, ya ce ko ma muryar wa ce, ta motsa baki kawai. Ta ce ba za ta tsaya tana kwaikwayon uwarta kamar biri ba, a nuna wa 'yan Paris suna dariya. Da aka kunna na gaba, wani shuu kamar ruwan sama ya fara shiga bayan waƙar. Ya ɗage allurar da sauri, ya tsaya riƙe da ita. Ya san abin da ya rage bai fi a ɗauki hoton sau ɗaya ba.

Eulalie ta bar kan allin, ta zauna a kan benci. Shi kuwa ya daɗe yana kallon mazurarin.

"Yaya," ya ce a hankali, "da gaske haka muryarta take?"

"Zan yi maka ƙarya ne a kan Inna?"

"Ban taɓa jin ta ba."

"Ka ji mana. Kana bayanta a bakin kogi, kana cin gashinta."

Na kama mariƙi, na ce, "Malam Firmin, in juya ko in bari?"

Ya sauke allura, ya je ya zauna kusa da yayarsa. Da waƙar ta ƙare ya tashi ya mayar da ita farko. Na ce masa yana kashe aikinsa da hannunsa. Ya ce, "Na sani, Baba. Yi shiru." Haka suka yi ta yi har ba a jin komai sai shuu, su biyu sun karkata kunne suna gardama a kan ko har yanzu akwai numfashin a ciki.

Ni dai na rufe akwatin hoton da mayafinsa na sauka shago. Har yau in an tambaye ni muryar wa ce, Eulalie nake cewa, amma ba na cewa da ƙarfi.