Sunan Da Inna Daso Ta Ƙwace

Zuhra Mandabil ta san ba don shan shayi Alhaji Datti ya kira ta ba. Shi ne baffan saurayinta Muhyiddeen, shi ne kuma idon danginsu a Kuala Lumpur. In bai buga waya Kano ya ce a je neman aure ba, to babu aure. Suka zauna su uku a shagon mamak, wato shagon shayi da abinci, da ke unguwar Danau Kota bayan sallar Juma'a, ruwan sama yana dukan rumfa.

Alhaji irin mutanen nan ne da in suka karanta layi biyu a waya sai su ɗauka sun sauke littafi. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"'Yata, na bincika sunan nan naki. Mandeville ne asalinsa, na wasu Nasara da ake kira Normawa. Daga Faransa suka haye teku suka ci Ingila da yaƙi, kusan shekara dubu ke nan. To ta wace ƙofa ya shigo gidan Musulmi? Ko ta katanga Baturen ya tsallako?"

Maganar ta yi mata zafi har cikin ƙashi. Amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baffa, wayar ta gaya maka rabi, bari in cika maka. Lokacin ɗiban gwamna, da ake kwasar maza zuwa haƙar kuza a Jos, ƙauyenmu suka ƙi ba da ko mutum ɗaya. Di'o Mandeville ya zo da 'yan doka ya sa aka ƙone rumbuna. Ran nan Inna Daso, kakar babana, ta haifi ɗanta na fari a gindin kuka, hayaƙin hatsinta yana shiga idonta. Ka san ɗan fari ba a kiran sunansa, akwai kunya. Mata suka ce ta zaɓi laƙabi. Ta ce Mandabil."

"Sunan azzalumin?" in ji Alhaji.

"Shi fa. Ta ce tunda ba ta isa ta mare shi ba, za ta aike shi. Kullum gari yana jin ta: Mandabil, kwashe kashin awaki. Mandabil, durƙusa ka gai da mutane. Har Baturen ya koma ƙasarsu ana aiken sa rijiya a garinmu. Yaron nan shi ne kakana, ya tsufa yana limanci da sunan. Babu wanda ya tsallako mana katanga, Baffa. Ganima ce."

Wani ɗan ƙabilar Tamil mai kawo shayi ya tsaya da tire, ya ga fuskokinsu, ya wuce abinsa.

Da mai hankali ne, da ya yi dariya ya ba da haƙuri. Amma Alhaji ya riga ya hau dokin zuciya, kuma sauka a gaban yarinya ta fi masa ciwon haƙori zafi.

"Labari ya yi daɗi. Sai dai mutanen Kano ba za su zauna jin tarihi ba, suna kawai za su ji. Ki sauke shi, ki ɗauki sunan babanki, yau ɗin nan in buga waya."

Zuhra ta juya ga Muhyiddeen. Tana son yaron nan, so na gaske, tun ranar da ya raka ta asibiti a Titiwangsa tana baƙuwa ba ta san kowa ba. Shi kuwa yana ta juya cokali a shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

"Suna ne kawai, Zuhra," ya ce a hankali. "Just drop it lah. Mu wuce wurin."

Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta rataya jakarta, ta miƙe.

"Baffa, bar wayarka a aljihu. Ba zan sauke ba."

Ta fita cikin ruwan ba lema. A tashar mota ta bar bas ta farko ta wuce, tana satar kallon ƙofar shagon, zuciyarta tana ƙuna. Muhyiddeen bai fito ba. Da ta biyu ta tsaya, ta share ido ta shiga.