Yawun Farin Doki

Ina riƙe da kofin ruwansa Dogo ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Shekararmu goma sha tara da aure. Wuyansa ya sandare, idonsa ba ya son haske, jikinsa zafi zau. Kafin in ajiye kofin ya fara jijjiga, har gadon asibitin yana ƙara.

Likitar ta ja ni waje ta tambayi sana'arsa. Na ce dawaki yake kula da su a gonar Maigida, ni kuma ina wanki a gidan.

"Akwai dokin da ya mutu kwanan nan?"

"Biyu."

"Akwai itace mai 'ya'ya kusa da bargar?"

Na ce akwai tsohon mangwaro a kan kwamin ruwansu, jemagu sun mai da shi gidan ubansu.

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Wata sabuwar ƙwayar cuta ce da ke jikin jemage, shi ba ta yi masa komai. Ya gatsi mangwaro ya yar, doki ya ci da yawun a jiki. Daga majina da yawun dokin take kama mutum, ta bi jini da jijiyar hanci ta hau ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri.

Na tuna yadda Dogo yake aiki. Idan doki ya ƙi cin abinci, hannu yake zura masa a baki har gwiwa, ya share masa hanci da tafinsa, yana yi masa hira. Na sha tsokanarsa cewa ko ni ban samu wannan lallashin ba.

Kwana shida ya yi. Ya rasu bai san ni ba.

* * *

Maigida ya zo gaisuwa da turarensa mai hawa kai. A gaban 'ya'yana ya girgiza kai ya ce wa mutane, "Na sha yi masa faɗa a kan shaye-shayen nan. Abin ne ya taɓa masa kai." Dogo da ko sigari bai taɓa sawa a baki ba! Ma'aikatan lafiya da likitar ta turo sun zo, sun zauna a falo, sun sha lemo, sun koma. Ko inuwar bargar ba su taka ba.

Na koma bakin wankina, don yara ba sa cin baƙin ciki su ƙoshi. Mai wanki kuwa ba abin da ba ta gani a aljihu. A cikin wata tsohuwar rigar Maigida na tsinci takarda a ninke, daga likitan dabbobi: a killace dawakin, a sare mangwaron, kada kowa ya taɓa bakinsu ba safar hannu. Na duba kwanan watan. Mako uku kafin Dogo ya kwanta.

Ashe ya sani. Yana jiran baƙi su zo kallon dawakinsa, bai so a ce gonarsa da cuta. Na soke takardar a ƙugun zanina. Tun daga ranar na tsani mutumin nan, tsana mai hana ni jin ɗanɗanon abinci.

* * *

An ɗauki wani a madadin mijina, ma'aikata suka sa masa Gajere don tsiya. Mutum ne mai fara'a, matarsa tana kirana Yaya.

Wata Laraba ina shanya na lura da farin dokin, wanda Maigida ya fi so fiye da kowa a gidan. Kansa a sunkuye, yawu yana zuba kamar an ja zare, ƙafar baya tana harɗewa. Haka na farkon suka fara. Na kuma san duk ranar Juma'a da safe Maigida yakan zo ya ba shi sukari a tafin hannu, ya sumbaci hancinsa.

Na yi niyyar kai takardar asibiti, na fasa. Takarda lemo kawai za ta sa a sake sha. So nake wuyan Maigida ya sandare, ya dubi 'ya'yansa ya tambaye su su wane ne. Na ja bakina na yi gum, kwana biyu, har da waƙa nake yi a bakin baho.

Ranar Juma'a ya fito. Ina bayan igiya, maƙalan shanya a bakina. Ya doshi bargar, sai ya ja ya tsaya nesa. Ya ciro hankici ya toshe hancinsa.

"Kai, Gajere! Buɗe bakinsa ka duba mini abin da ya maƙale masa."

"To, ranka ya daɗe."

Kaicona. Na manta ya riga ni karanta takardar. Kafin in tofar da maƙalan in yi ihu, hannun Gajere ya shige har gwiwa.

* * *

Yau kwana goma sha ɗaya. Na kai wa likitar takardar, an rufe gonar, an sare mangwaron. Maigida lafiyarsa ƙalau, an ce ya tafi hutawa.

Ina zaune a kan bencin da na sani, a ƙofar ɗakin da na sani. Matar Gajere ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, Allah ya saka miki. Ba don ke ba da ba a gano ba." Ban iya ce mata amin ba.

Ta cika kofi da ruwa, aka sa mata safar hannu da abin rufe hanci, ta shiga. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji muryarsa, a hankali, da ladabi, yana tambayarta wa take nema.