Bushin Biyu da Alƙalamin Malama

Tun da ciwon baya ya raba Kafinta da haɗa kujeru, ya koma ɗan shagonsa na bayan gida yana fiƙe alƙaluma na katako, mutanen gidan ba su ƙara samun sakat ba. Ba ƙarar injin ce ta dame su ba, maganar bushin ce.

In ba ka san bushin ba, ka gode Allah, ba ka taɓa zama kusa da Kafinta ba. Wasu 'yan ƙarafa ne guda biyu, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Za a huda katako a zura masa bututun tagulla, a toshe bakunan bututun da su, sannan tsinin injin biyu su matse su ta nan da ta can, katako ya yi ta juyawa a tsakani. Mai aiki ya yi ta fiƙa har bakin katakon ya zo daidai da kaurin ƙarfen. Iyakar labarin ke nan fa. Amma Kafinta yana iya kai ka la'asar a kansa, har da yadda ya karaɗe kasuwar 'yan ƙarfe kafin ya samu nasa, waɗanda a faɗarsa babu irinsu ko'ina.

To su ne suka ɓace, kuma a makon da ya fi bukatarsu.

Matarsa, Malama, ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen koya wa yara rubutu. Tsofaffin ɗalibanta, wasunsu har sun fara furfura, sun shirya karrama ta ranar Asabar, kowa zai zo da hoton ajinsu ta sa masa hannu. Ita kuwa ta ce ba inda za ta, wai ƙafa ke ciwo. Ƙafar da take zuwa kasuwa da ita ta dawo garau! Abin ya tsaya wa Kafinta a rai, don ya san yadda take son yaran nan, ya kuma san in ba ta je ba za ta daɗe tana cizon yatsa. Sai ya yi dabara. Yana da ƙafar tsohon teburin ajinta da ya adana tun ranar da aka jefar da shi. Zai fiƙe mata alƙalami da ita, siriri, mai sheƙi, wanda duk mai shi dole ya so a gan shi da shi a taro.

Ya yanka katako, ya huda, ya manna bututu. Ya buɗe gwangwanin bushin, wayam.

Ranar shagon ya ga ta kansa. Ya zazzage durowa, ya ɗaga benci, har dusar katako ya tankaɗe da rariyar kicin.

"Maigida, rariyata ce wannan?" in ji Malama daga bakin ƙofa. "Ka duba aljihunka kuwa? Ran nan tabarau ka yi ta nema, yana goshinka."

"Malama, bar ni da abin da ya ishe ni."

Ya leƙa wajen maƙwabcinsa Bakanike. "Ba zargi ba ne, tambaya ce kawai."

"Haba Kafinta! Ni bushin ɗina na mota ne, naka ko keken yara ba zai ɗauka ba. Ga noti nan, ka sa mana, duk ƙarfe ne."

Noti! Kafinta ya dube shi kamar ya zagi iyayensa, ya juya ko sallama babu. Duk da haka da ya koma ya gwada notin a ɓoye kan wani guntun katako. Katakon ya yi ta rawa a tsakanin tsini, ya fito gefe guda ya fi gefe kauri. Ya cusa shi ƙarƙashin dusa don kada labari ya kai garejin maƙwabci.

Washegari da hantsi ya ce bari ya duba ƙarƙashin gado, ko sun faɗo daga aljihun wando. Ya tura ƙofar ɗaki. Malama na zaune bakin gado, faranti a cinya, bayan tsohuwar kalanda a kan farantin, tana rubutu a hankali. Biron da ke hannunta an naɗe shi da tsumma da roba, ga bushin ɗinsa biyu a ɗaure jikinsa suna ƙyalli.

"Lallai! Ashe ɓarawon a gida yake kwana!"

"Aro na yi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"Aro ba da sanin mai kaya ba? Na kusa ɓatawa da Bakanike, na..."

Ta ajiye naɗaɗɗen biron, ta ɗauki wani wanda ba komai a jikinsa, ta ɗora kan takarda. Hannun ya kama rawa, bakin biron na tsalle, harafin farko na sunanta ya fito a wargaje.

"Ka gani? In biron ya yi kauri ya yi nauyi, hannun yana ɗan nutsuwa. Ni da nake sa yara maimaita harafi ɗaya har su yi hawaye, in je gabansu in yi musu wannan? Ko in fito da tsumma da roba a taro? Gara ƙafar ta yi ciwo."

Kunya ta rufe Kafinta, da tausayi. Shi da yake gane bambancin silin gashi tsakanin katako da ƙarfe da ɗan yatsa kawai, bai lura da hannun matarsa ba. Sai yanzu ya tuna shayin da take kawo masa rabin kofi, yana ta yi mata tsiyar rowa.

Ya yi gyaran murya. "To mai aro, ko za a ara wa mai kaya kayansa zuwa la'asar?"

"A dawo mini da su yadda aka karɓa."

Ya toshe bututun da bushin, ya matse tsakanin tsini, ya kunna inji. Duk unguwa an san ra'ayinsa: alƙalami mai ƙiba aikin ragon kafinta ne. Amma bushin bakin katako kawai yake hukunta, tsakiya ta mai fiƙa ce. Ya sassabe bakunan har suka zo daidai da ƙarfe, ya bar cikin da kaurinsa, ya ɗan kwarmama inda yatsu za su zauna. Ya bi da samfefa, ya shafa mai, tsohon teburin ya fito ja yana sheƙi.

Ya zare bushin na gaba ya sa bakin rubutu. Ya auna a tafin hannu. Kauri ya samu, nauyi babu. Ya dubi na bayan da bai riga ya zare ba, ya daɗe yana dubansa, don bushin ɗaya ba ɗan'uwa bai fi tsakuwa amfani ba. Sannan ya jawo gam.

Malama ta jujjuya abin da ya miƙa mata. "Wannan alƙalami ne ko taɓarya?"

"Ki gwada dai kafin ki ba da maki."

Ta ɗora kan kalandar. Hannun ya ɗan motsa, ya nutsu. Sunanta ya fito harafi bayan harafi, har da lanƙwasar nan ta ƙarshe da ɗalibai ke kwaikwayo a bayan idonta. Ta shafa katakon, ta gane na teburin ajinta ne. Da ta juya gindin ta ga ƙarfen a manne daram.

"Maigida, wannan ba shi ne wanda ka tayar mana da gida a kansa ba?"

"Shi ne."

"To da me za ka fiƙe wani?"

"Bakanike ya ce noti ma yana yi."

Ta yi dariya har sai da ta goge ido da gefen mayafi. Ta riƙe alƙalamin gam a ƙirji.

"Bakwai bisa goma," ta ce. "Uku na rariyata ne. Ka sauko mini da baƙin takalmina daga saman kabad, yana son gogewa kafin Asabar."