Kwalba Ta Tara

Injiniya ba ta ɗaga murya idan ranta ya ɓaci, abin tsoronta ke nan. Ta ajiye takardar sakamako a kan tebur, ta danna yatsa a layin ƙarshe, ta ce, "Dogo, zo ka karanta min wannan."

Shekara goma sha ɗaya Dogo yana ɗibo ruwan rijiyoyi yana kawowa ɗakin gwaji, ba a taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Makon jiya aka tura shi wani gidan mai da ake zargin tankinsa na ƙarƙashin ƙasa yana yoyo. Rijiyoyin gwaji takwas aka haƙa a kewayensa, kowace da kwalbarta. Ta tara ita suke kira shaida. Ana cika ta da tataccen ruwan ɗakin gwaji, ta yi tafiya a akwatin ƙanƙara tare da sauran. In ta dawo tas, aiki ya yi kyau. In ta dawo da datti, to hannun ma'aikaci ne ya ɓata ruwan, ba ƙasa ba.

Dogo ya karanta. Fetur ɗin da ke cikin shaida ya fi na rijiyoyi biyar.

"Ka canza safar hannu tsakanin rijiya da rijiya?"

"Na canza, ranki ya daɗe."

"Ko ka tsaya shan mai akwatin yana buɗe?"

"A'a."

Bakinsa ne kawai ke amsawa. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin kwalbar nan. Ranar ɗiban, jarkar tataccen ruwa ta kife a bayan mota, ta tsiyaye ƙarƙaf. Komawa ofis tafiyar awa guda ce, ga gidansa nan kusa. Sai gogan naka ya biya gida, ya tara kwalbar a famfon tsakar gida, ya manna mata lamba. Ina laifi? Ruwan burtsatsensa ne fa, wanda yake cika baki da shi, wanda maƙwabta ke layi da bokitai suna ɗiba.

Ya ɗaga kai ya dubi taswirar da ke bango. Jan da'ira ta kewaye gidan man, iyakar inda ake zaton mai ya kai. Gidansa yana can gangare, layi uku a wajen da'irar.

Wata biyu da suka wuce matarsa ta miƙo masa kofi ta ce, "Baban Auta, shinshina min, kamar ina jin wari." Dariya ya yi mata. "Ni da nake aikin ruwa, ke za ki koya min?" Wallahi ko hancinsa bai kai ba. 'Yarsu Auta kuwa watanta bakwai, da ruwan nan ake dama mata madara safe da yamma.

"Shi ke nan," in ji Injiniya, tana tattara takardu. "Zan rubuta kuskuren ɗiba ne, a watsar da sakamakon duka. Ka koma nan da mako uku. Wannan karon gargaɗi kawai zan ba ka."

Gargaɗi kawai! In ya yi shiru ya tsira. Wanda ya yi maguɗi a shaida kuwa kora ce, ya ga an yi wa wani a gabansa, ko sallama ba a bar shi ya yi ba. Zai iya sayen ruwan jarka a gida, ya rufe famfo ya ce ya lalace. To, sauran rijiyoyin layin fa? Wa zai gwada su, alhali taswira ta ce lafiya lau suke? 

"Ranki ya daɗe." Dogo ya matso kusa da tebur. "Ba kuskure ba ne. Shaidar... ruwan gidana ne."

Injiniya ta tsaya cak. Sannan ta juya ga taswira.

"Nuna min."

Ya ɗora yatsa a kan gidansa. 

"Maganar aikinka sai an jima," ta ce a hankali. "Kira gida. Yanzu."

Sau biyu ya danna lambar da ba daidai ba. A na uku ta shiga, ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara. Da matarsa ta ɗauka, abin da ya fara ji shi ne ƙarar famfo yana zuba a bokiti.

"Rufe famfon nan! Kada kowa ya sha! Ina Auta?"

"Lafiya? Ga ta nan a cinyata, yanzu na dama mata madara."

"Cire mata daga baki, don Allah, cire!"



"Baban Auta," ta ce, "ai ta shanye."